Rubutun Ƙwaƙwalwar Baba

Unguwar Tudu,
Tiga, Bebeji.
8 ga Yuli, 1991.

Zuwa ga maigidana, Baban Hasana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Laberiya. Yaya aiki, yaya kuma ruwan saman da ka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau. Damina ta kankama, gero ya wuce gwiwa. Hasana da Usaina suna gaishe ka. Usaina ta yi famfara, ta ce in gargaɗe ka kada ka yi mata dariya idan ka dawo.

Ka yi ƙorafi cewa ina ba ka labarin kowa har da akuyar Larai, amma ban ce komai a kan mahaifinka ba. Gaskiyarka. Ɓoye maka nake yi, don na ga mutumin da ke riƙe da bindiga a ƙasar wasu bai kamata a ƙara masa tunani ba. Yanzu abin ya fi ƙarfin ɓoyo.

Baba ba shi da lafiya, kuma ba ciwon jiki ba ne. Tun Inna tana kwance ya fara mantuwa, yana tafiya yana tangaɗi, magana tana sarƙe masa. Muka ce gajiyar jinya ce. Bayan rasuwarta sai abin ya ci gaba. Mutumin da ake zuwa ɗauka daga Ƙofa har Kiru don ya raba rigimar kan iyaka, yau shi ne yake kiran Yaya Balarabe da sunan baffanku da ya mutu tun kafin a haife ka. Ya kan yi sallar Azahar sau uku. Kullum kuma sai ya tambayi Inna. Da farko ana faɗa masa gaskiya, sai ya yi kuka kamar yanzu aka fita da ita, washegari ya sake tambaya. Da muka gaji da kashe masa ita kullum, sai muka koma cewa ta tafi Doguwa wajen 'yar'uwarta. Allah ya yafe mana.

Talatar da ta wuce masunta suka kawo shi gida. Sun same shi a bakin dam, ruwa har cinya, yana cewa gida za shi. Tsohon garinku yake nufi, wanda ruwa ya cinye shekara goma sha bakwai da suka wuce. Tun ranar Yaya Balarabe ya sa kwaɗo a ɗakinsa, in maza za su gona sai a kulle shi. Ina daga tsakar gida ina jin sa yana ƙwanƙwasa ƙofa yana sallama, kamar baƙo. Wallahi ba na iya cin abinci in na ji.

Wasu sun ce gigin tsufa ne, wasu sun ce iska. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Ƙanenka Mudi ya kai shi Kano. Likita ya ce yana iya zama gigin tsufa, amma saurin abin ya dame shi, domin shi gigin tsufa a hankali yake shiga mutum, ba cikin wata huɗu ba. Ya ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Kaduna, inda ya ce akwai na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Sai da na sa Mudi ya maimaita mini. Ashe kan mutum yana da wutarsa! Mudi ya ce da gaskiya ne, da tuni ya daina sayen kananzir. Ni zan raka Yaya Balarabe, tunda ni ce malamar makaranta mai Turancin gidan.

Kada ka damu da cimarsa. Kamar yadda ka bari, bayan Magariba kwano uku ke zuwa gabansa, nawa, da na Yaya Habiba matar Yaya Balarabe, da na Larai matar Mudi. Tuwo ya kan taɓa ya bar wa jikoki, amma kununa, da furar Yaya Habiba, da shayin Larai, har yau ba ya rage ko ɗigo. Ko da hankalinsa ya gushe, bai manta ba a kunyata suruka ba.

Ka sa mu a addu'a. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Kulsumu.

*

21 ga Yuli, 1991.

Baban Hasana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yara suna lafiya.

Jiya muka dawo daga Kaduna. Mun hau mota a Kwanar Ɗangora, Baba ya yi barci tun daga nan har muka isa. An ce a wanke masa kai, kada a shafa mai, haka muka yi. Mai kula da na'urar wani mutum ne mai haƙuri, Malam Rufa'i. Ya auna kan Baba da awo irin na tela, ya yi masa alamomi da fensir, sannan ya lilliƙa masa wayoyi wajen ashirin da wani abu kamar ƙullu. Yaya Balarabe yana ganin wayoyin ya miƙe, ya ce ba za a jona wa ubansa wuta yana kallo ba. Malam Rufa'i ya rantse masa cewa na'urar ba ta sa komai a kai, saurare kawai take yi ta rubuta. Har ya liƙa waya ɗaya a goshinsa don ya nuna masa.

Kafin a fara, ya tambaya ko Baba yana shan wani magani. Yaya Balarabe ya ce babu, sai rubutu. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

Aka kunna. Wasu alƙaluma a jere suka kama rawa su kaɗai, doguwar takarda tana fita tana ninkuwa. Aka ce Baba ya rufe ido, ya buɗe, ya ja numfashi, aka haska masa fitila mai ƙyaftawa. Na ga Malam Rufa'i ya ɗaure fuska, ya sake duba wayoyin, sannan ya tafi ya kira likita.

Likitar mace ce, ba ta jin Hausa sosai, don haka da ni ta yi magana. Ta ce na'urar ba ta yanke hukunci ita kaɗai, taimaka wa likita take yi. A gigin tsufa, in ya yi nisa, rubutun ya kan ja jiki, ya yi faɗi. Na Baba akwai jan jikin, amma a kansa akwai wasu ƙananan layuka masu sauri, sun cika takardar tun daga farko har ƙarshe. Ta ce ta san wannan rubutun, irin na mai shan ƙwayar barci ne, kuma mai yawa. Ta kalle ni, ta ce wa ke ba tsohon nan magani?

Baban Hasana, ni ce.

Tun watan Fabrairu. Lokacin da Inna ta kwanta, Baba ya yi kusan sati uku ba ya runtsawa, yana zaune a kanta, idanunsa sun yi ja. Tausayi ya kama ni. Na je wajen Maikano mai kemis na ba shi labari, ya ba ni wata 'yar ƙwaya ruwan ɗorawa, ya ce in sa rabi a kunu. Ka san ba zan iya tsayawa gaban Baba in ce ga magani sha ba. Ni da ko sunansa ba na faɗa? Kuma ka san shi da ƙin maganin Bature. Sai na riƙa niƙawa ina zubawa. Ya samu barci, na ji daɗi, har ina yaba wa kaina. Da ya fara ruɗewa yana fita, Maikano ya ce in mayar da ita guda. Ban faɗa wa kowa ba, don kada a ce matar soja ta fi kowa iyayi.

Da Turanci na faɗa wa likitar duk wannan, Yaya Balarabe yana tsaye kusa da ni yana gyaɗa kai, bai san abin da nake cewa ba. Ban taɓa jin kunyar Turancina ba sai ranar. Da ya tambaye ni me ta ce, na ce masa ta ce mu dawo bayan wata biyu. Ƙarya ce rabi, gaskiya rabi.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kada in kuskura in tsayar da ƙwayar farat ɗaya, yana iya yin farfaɗiya, sai dai a riƙa ragewa a ƙarƙashin likitan Kano. Amma ta ce wani abu ya ɗaure mata kai. Ƙwaya ɗaya a rana tana iya ruɗa tsoho, sai dai abin da ta gani a takarda da kuma a jikinsa ya fi ƙarfin guda. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na rantse mata. Na ga alama ba ta yarda ba.

Ban san me za ka yi da ni ba. Duk abin da ka yanke, ni na jawo. Gobe zan je in faɗa wa Yaya Habiba, ita ce babba, ita za ta san yadda za a gaya wa mijinta.

Taka mai neman gafara,
Kulsumu.

*

24 ga Yuli, 1991.

Baban Hasana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Na san waccan wasiƙar ba ta ma bar Kano ba, amma ba zan iya jira ba.

Na sami Yaya Habiba tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran ta rufe ni da faɗa. Sai na ga rariyar ta suɓuce daga hannunta. Ta shiga ɗaki, ta ɗaga murfin wata langa daga cikin jerenta, ta ɗauko ƙullin leda ta ajiye a gabana. Ƙwayar nan ce, ruwan ɗorawa. Biyu take dama masa a fura kullum, ita ma tun Inna tana da rai.

Kukanmu ne ya jawo Larai. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli ledar, ta kalle mu, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Ita ma biyu, a shayi.

Ƙwaya biyar, Baban Hasana! Kullum ta Allah, a cikin tsoho ɗan shekara saba'in da uku wanda ko ciwon kai ba ya sha wa magani. Gida ɗaya muke, rijiya ɗaya muke ja, muna kitsa wa juna kai, muna zama muna jajanta yadda Baba ya lalace, kowace tana cewa a ranta gara ma da take taimaka masa. Duk lokacin da ya ƙara ruɗewa sai kowace ta koma wajen Maikano a ɓoye, ya ƙara mata. Shi kuma bawan Allah yana shanyewa tas, don kada wata a cikinmu ta ga an dawo mata da ƙoƙo ta ji babu daɗi. Mutuncin da yake yi mana, da shi muka kwantar da shi.

Mu uku muka je muka durƙusa gaban Yaya Balarabe. Muka faɗa masa komai. Da ya buɗe baki, bai zage mu ba. Ya ciro mabuɗin kwaɗon nan daga aljihu yana kallo, ya ce da hannunsa ya kulle ubansa kamar ɓarawo. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Inna.

Mudi ya tafi shagon Maikano a fusace, sai da aka rirriƙe shi. Ka san me mutumin ya ce? Wai kowace ta roƙe shi ya rufa mata asiri, shi kuma ba ya cin amana. Wai ya ɗauka karɓa-karɓa muke yi. Mutumin da shekara huɗu da suka wuce batir da ashana yake sayarwa, shi muka mayar likita. Ni mai takardar malanta, ni ce ma na fara zuwa.

Jiya aka koma da Baba Kano. Likita ya tsara yadda za a riƙa ragewa, kuma hannu ɗaya ne zai riƙa bayarwa, na Yaya Balarabe. Ya ce Baba zai sha wuya, zai yi rawar jiki da gumi da rashin barci. Ya kuma ce kada mu yi saurin murna, domin yana yiwuwa akwai gigin tsufa na gaske a ƙarƙashi, ba za a sani ba sai ƙwayar ta bar jikinsa an sake aunawa. Abin da nake roƙon Allah ke nan dare da rana, ya dawo mana da shi, ko da zai tashi ya ce kada in sake taka gidansa.

Yara suna gaishe ka. Sun ga ina kuka, na ce hayaƙi ne.

Matarka,
Kulsumu.

*

30 ga Satumba, 1991.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta iso, layi huɗu. Na karanta, ban ga laifinka ba. Na gode da ka ce sai ka dawo za mu yi magana. An fara yankan gero, yara lafiya.

Baba ya dawo, Baban Hasana. Ya sha wuyar da likita ya faɗa, har sau biyu muka fitar da rai. Amma cikin sati na shida, wata safiya, ya leƙo ya tambayi wanda ya bar masarar bayan gida ta yi ciyawa haka. Yaya Habiba ta yi guɗa ba ta sani ba. Tafiyarsa ta miƙe, yana kiran kowa da sunansa, an cire kwaɗo.

Kwana uku bayan nan ya sa babbar riga, ya ce a nemo masa mota, zai je Doguwa ya dawo da Inna, ta daɗe. Yaya Balarabe da liman suka zaunar da shi a zaure suka faɗa masa. Wannan karon bai yi kuka ba, kuma bai sake tambaya ba. Ya ce a kai shi kabarinta. A can ya tambayi wanda ya sallace ta, aka ce liman, kuma shi ma Baba yana sahun gaba. Ya ce bai sani ba. Tun daga tsakiyar azumi har saukar ruwan Agusta, babu abin da ya rage a kansa.

Yaya Balarabe bai ɓoye masa abin da muka yi ba. Baba ya aiko a gaya mana cewa ya yafe, tausayi ne ya sa mu, kuma kada wanda ya ɗaga wa matarsa murya a kan wannan. Ya ce a rubuta maka kai ma. Na rubuta ne don ya ce a rubuta, ba don ina ganin na cancanta ba.

Satin da ya wuce muka koma Kaduna. Ƙananan layukan nan sun ɓace. Likitar ta yi masa tambayoyi ya amsa, har ya gyara mata lissafin kwanan wata na Musulunci. Ta ce akwai ɗan jan jiki kaɗan wanda za a sa wa ido, amma a yau ba ta ga abin da za ta kira gigin tsufa ba. Baba ya tsaya yana kallon alƙaluman nan da kyau. Ya tambayi Malam Rufa'i ko abin da ke cikin kansa ne suke rubutawa, ya ce masa haka ne. Sai ya roƙi a ba shi, ya nace, har Malam Rufa'i ya yago masa ninki shida daga ƙarshen takardar. Na ɗauka sha'awa ce irin ta tsofaffi.

Akwai abin da ba ka sani ba game da ranar da Inna ta rasu. Bayan La'asar ta farfaɗo, ta ce kowa ya fita a bar ta da Malam. Muna tsakar gida muna jin muryarta ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana yi masa magana, fiye da yadda ta yi a duk jinyar. Da aka shiga, ta cika, hannunta yana cikin nasa. Babu wanda ya ji abin da ta ce sai shi. Liman ne ya ba shi wannan labari, da nufin ya sanyaya masa zuciya. Tun ranar yake bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ko wani ya tsinci kalma. Babu.

Shekaranjiya da hantsi ya aiko Hasana ta kira ni. Shekara tara ina gidan nan, bai taɓa kirana ba. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce in matso, ya miƙo mini takardar nan ta asibiti. Ya ce shekara hamsin da ɗaya suna tare, ba ta taɓa korar mutane don ta yi masa magana ba, don haka abin da ta faɗa ba ƙarami ba ne. Ya ce kunnensa ya ji, to yana cikin kansa, kuma na'ura ta kwafe abin da ke kansa. Ni ce mai karatun boko, in karanta masa.

Na ce masa, Baba, babu kalmomi a ciki, layuka ne kawai. Na faɗa masa abin da likitar ta gaya mini, cewa ƙwayar tana hana abu zama a kai tun farko, abin da bai zauna ba kuwa babu na'urar da za ta nemo shi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, a hankali, in dai duba da kyau, ni malama ce.

Na buɗe, Baban Hasana. Na bi ninki shidan nan da yatsa, layi bayan layi, yana zaune yana kallon bakina. Da na kai ƙarshe na ɗago kai, karo na farko da na taɓa haɗa ido da shi, na ce ban ga komai ba. Ya karɓa, ya ninke ta yadda take, ya sa a aljihun gaba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, na yi ƙoƙari, zai jira ka dawo, wataƙila kai ka fi ni ido.

Ka shirya abin da za ka ce masa. Ni na rasa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Hasana da Usaina suna gaishe ka, haka Yaya Balarabe da Mudi da iyalansu.

Matarka,
Kulsumu.